Rago da Bututun Gwanda

An yi wani Rago mai jiji da kai, ko gaisuwa ba ya amsawa sai an rusuna masa. Rannan fitsari ya tsaye masa, mara ta kumbura kamar tulu. Matarsa Tunkiya ta ja shi gidan Bushiya, tsohuwar mai magani, mafaɗaciya.

Bushiya ta kwantar da shi rigingine a tsakar gida, awaki na leƙe ta katanga suna ƙyalƙyala dariya. Ta yanko sandar ganyen gwanda mai rami a ciki, ta wanke da ruwan zafi, ta zura masa a hanyar fitsari. Fitsari ya zubo.

"Ka ji ni da kyau, ɗan nan," in ji ta. "Bayan kwana uku ka dawo in sa sabo. Ƙyasfin nan na fatarka ba ya kisa a waje. In ya bi bututun ya shiga, gida zai kafa."

"Ƙyasfi? Ni? Iya, idonki ya fara mutuwa!"

Kwana uku suka wuce. Rago ya tuna dariyar awaki, ya ƙi komawa. Kullum sai ya goge bakin bututun da man shanu, alhali maiƙo shi ne abincin ƙyasfi.

"Maigida, yau kwana tara fa," in ji Tunkiya.

"Ke, rufa min baki! Ba ki ga yadda yake ƙyalli ba?"

Zazzaɓi ya kama shi. Ya aiki Tunkiya wurin Bushiya ta karɓo jiƙo.

"Ƙyasfin ya tara yauƙi a cikin bututun, jiƙo kuwa ba ya huda yauƙi," in ji Bushiya. "Ke da kike wanke randa, zuba ruwa kawai ya taɓa fitar miki da santsin cikinta? Ki kawo shi in cire!"

Ya sha jiƙon ƙwarya biyar, bai je ba.

Ran kwana goma sha biyar aka kai shi ranga-ranga. Bushiya ta zare bututun, ta tsaga shi da ƙayarta. Cikinsa farin yauƙi ne dam, mai kauri kamar kindirmo, ga wari.

"Iya, na yarda," in ji Rago. "Ki sa sabo. Ko a tsakiyar kasuwa ne zan kwanta."

Bushiya ta taɓa kunnensa, ta ji kamar garwashi.

"Makon jiya ya kamata in ji wannan maganar. Ƙyasfin ya riga ya shiga jini."

Kafin la'asar ya cika. Ya bar Tunkiya da 'yan tagwaye masu shan nono. Awakin nan suka zo ta'aziyya, babu wanda ya yi dariya.

Darasin da za ku riƙe daga labarin nan shi ne, duk abin da aka zura a jikin majinyaci, robar asibiti ce ko mene ne, ranar da mai magani ya ce a canza, a canza. Kada ƙyallin waje ya ruɗe ku, ɓarnar tana ciki. Kuma kunyar kwanciya gaban mai magani ba ta taɓa kashe kowa ba. Ƙin kwanciyar ne ya kashe Rago.