Sarki Haliru da Tafkin Laka

A wani zamani mai tsawo, tun aljanu na yi wa sarakuna barance, an yi wani Sarki a ƙasar Zamruda mai suna Haliru, wanda al'adar gidansu ta hana kowa ya taɓa jikinsa, ko ya ci abinci da shi, ko ya zauna inda numfashinsa zai kai. A haka ya tashi, a haka ya yi furfura, har wani sanyi ya kama ƙirjinsa, wanda wuta ba ta kora, bargo ba ya rufewa. Kullum sai ramewa yake, yana jin dariyar bayinsa daga bayan katanga, kaɗaici na cinsa.

Bokan fada ya faɗi daga nesa ya ce, "Ranka ya daɗe, sanyin nan zai kai ka kushewa kafin kaka. Maganinsa na wajen mutanen wasu nahiyoyi. Ga buzun tsafi, ga aljani Ɗanduruku ya yi maka zagi."

Sarki da aljanin suka hau buzun, suka tashi sama. Suka sauka a ƙasar ƙanƙara, inda mutane ke cunkushewa a ɗakin katako mai tururi suna bugun juna da ganye. Ɗanduruku, da yake ya san ladabin fada fiye da kima, ya daka tsawa, kowa ya ranta a na kare. Sarki ya zauna shi kaɗai ya sha zufa, ya fito da sanyinsa.

A ƙasar kayan yaji kuwa, tausa ake yi da mai mai ɗumi. To, wa ya isa ya taɓa Sarki? Aljanin ya kori masu tausar, ya tsoma gashin jimina a man yana shafa masa daga nesa. Aikin banza ke nan. Haliru ya dubi teku, ya ji duniya ta yi masa faɗi, babu kowa nasa a cikinta.

Daga ƙarshe suka ƙetara zuwa wata nahiya mai duwatsu masu hayaƙi, inda akwai tafkin laka da Gimbiya Rumasa'u ke tsaro. Ɗanduruku ya buɗe baki zai yi tsawa, ta nuna shi da sandar azurfa, ya sandare.

Ta ce, "Ya kai baƙo, tafkin maza ga shi can. Ba a korar kowa, ba a tambayar sarautar kowa. Shiga, ko ka koma."

Haliru ya shiga, laka ta rufe shi har wuya. Wani tsoho da haƙoransa suka zube ya zungure shi da gwiwar hannu, ya ce, "Bawan Allah, hannuna ba ya kai bayana. Shafa mini laka, in shafa maka."

Da tafin tsohon ya sauka a gadon bayansa, Sarki ya fashe da kuka kamar yaro, ɗumi ya ratsa shi har ƙirji.

Da ya warke ya nemi auren Gimbiya, ta yarda, aka sha biki, ya soke waccan al'ada a Zamruda. Wata rana ya tambaye ta, "Ashe tururin nan da man nan ma da sun warkar da ni?"

Ta ce, "Ƙwarai, ranka ya daɗe. Ai ko bayin gidanka da sun warkar da kai, da an bar su sun matso."