Dalilin da Ya Sa Ake Kamun Gaiwa da Fartanya

Dalilin da ya sa ake bin kowane kifi da koma ko ƙugiya, amma gaiwa sai an saɓa fartanya an tono ta a busasshiyar ƙasa kamar rogo, shi za ku ji yau. Ku gyara zama, musamman ku da sai murya ta dushe wajen kiranku kafin ku motsa.

A da can, Gaiwa kifi ce kamar kowane kifi. Tana zaune a Rafin Gawasa, wani ɗan rafi da ko akuya kan tsallake, ita da yayarta Tarwada, kowacce da 'ya'yanta. Rafin ba ya kai rani. Da damina ta ɗauke sai kifaye su tattara su gangara babban kogi, don sun san abin da ke tafe. Mazan ƙauye za su datse rafin da ƙasa, mata su kwarfe ruwan da ƙwarya, a tsince duk wanda ya rage a taɓo.

Tarwada ta sha wuya a hannun ƙanwar nan. Da uwarsu za ta rasu ta damƙa mata ita, ta ce kada ta kuskura ta gangara ta bar ta. Ita kuwa Gaiwa Allah ya jarrabce ta da son gyaran ɗaki. Raminta da ke jikin gaɓa kullum cikin yaɓe yake. Ta yaɓe nan, ta shafe can, ta ja baya ta kalla, ta ce bai yi ba. Kowace shekara su ne na ƙarshen fita, Tarwada a gaba tana masifa, Gaiwa a baya tana waiwayen bango.

A shekarar da abin ya faru, ruwa ya ja da wuri. Karfasa ta wuce da iyalinta. Kurungu ya wuce yana gunaguninsa. Tarwada ta zo bakin ramin ta ce, "Gaiwa, fito mu tafi."

"To, Yaya. Bari in ƙarasa wannan kusurwar."

"Wace kusurwa? Rami ne fa! Ina rami ya sami kusurwa?"

"Ke dai ba ki da ido ne, Yaya."

Tarwada ta haɗiye haushinta. Ta kwashi yaran duka, nata da na Gaiwa, ta kai su gaba. Tana can sai ta ji takun ƙafafu a gaɓa, ga muryar Nomau, dattijon da ke ba da izinin datse rafi, yana cewa, "Ku fara toshe ta gangare, kada su tsere." Ta juyo a guje.

"Gaiwa! Sun fara zuba ƙasa!"

"Na ji, Yaya. Ai in na bar shi haka zai tsage kafin damina."

"Ya tsage mana! Ya rushe ma! Bangon za a sa a tukunya ko ke?"

Ta koma ta duba datsin, ta ga saura 'yar kafa. Ta sake dawowa, ta tsaya turus. Ba ƙofa. Gaiwa ta yi ta yaɓe, ta yi ta yaɓe, har ta yaɓe ƙofar daga ciki, sai wata 'yar huda da ko tsinke da ƙyar zai shiga. Ga ruwa ya sauka ya bar wurin a fili, rana ta fara gasa yumɓun.

"Gaiwa, ina ƙofar?"

Can sai wata 'yar murya ta ce, "Af."

"Af? Af za ki ce mini?"

Takaici ya sa Tarwada ta ja baya ta kai wa bangon karo. Ta sake. Ta yi ta sakewa har kanta ya baje, kuma da haka ya zauna, ku duba in an kawo ta kasuwa. Amma Gaiwa gwanar yaɓe ce, wannan kam ba a raba ta da shi. Bango ko gezau.

Yara suka fara ihu daga gangare, "Inna, ana rufewa!" Tarwada ta dubi yaran, ta dubi bangon. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don ta san yau sai ta saɓa wa uwarta. Ta sa baki a hudar ta ce, "Kwanta, kada ki motsa. Da ruwan fari zan dawo. In kin ji an ƙwanƙwasa, ni ce, ki amsa." Ta kora yaran suka fice ta kafar, tana kuka tana zagi.

Aka kwarfe rafi tas, ba wanda ya ga Gaiwa. Ta naɗe jikinta ta kwana rani a ɗakinta.

Da ruwan fari Tarwada ta hauro, ta tarar da ramin a farke. Kwaɗo ne ya ba ta labari. Ya ce ana gab da damina Nomau ya zo ɗibar yumɓu, ƙarfen fartanyarsa ya yi sako-sako, sai ya bubbuga ƙotar a ƙasa don ya zauna. Kawai sai aka ji daga ƙarƙashin ƙasa, "Na'am, Yaya! Na shirya!" Ranar gidan Nomau sun sha romo.

Tarwada ta ce, "Ita da ba ta taɓa amsa kirana da wuri ba!" Sai ta fashe da kuka.

Ta riƙe marayun, ta yi musu kashedi har bakinta ya gaji: ban da yaɓe, ban da amsa ƙwanƙwasa. Da ruwa ya fara ja ta je kiransu, ta iske kowacce ta haƙa rami tana shafe bango. Ta ce, "Ni dai na gaji," ta gangara abinta.

Shi ya sa har yanzu, in rani ya yi, za ku ga mutum ya bi busasshen rafi yana bubbuga ƙasa da ƙota yana kasa kunne. Gaiwa na can ciki a naɗe, an sha gaya mata kada ta tanka. Amma da ta ji bugun sai ta ce wataƙila wannan karon Yaya ce, ta amsa.