Ranar da Sarkin Ruwa Arzika Ya Yanke Igiya

An ce wai ranar wata Talata ce a tsakiyar damina, a zamanin da ruwa ya dawo arewa har Tafkin Chadi ya cika ya batse ya zama teku. Tun da safe gari ya rufe, aka yi wata tsawa da ta girgiza ƙarfen jirage, sannan ruwan ya koma yayyafi mai kauri wanda ba ya barin mutum ya ga abin da ke gabansa. A cikin wannan yayyafi jiragen yaƙi takwas na birnin Tudun Kanwa suke jere a bakin mashigar tashar ruwa, suna jiran na tara.

Shugabansu shi ne Sarkin Ruwa Arzika, dattijo mai ƙarancin magana, wanda yake zaune a babban jirgin da ake kira Mikiya. Kowane jirgi yana da na'ura mai nazarin yaƙi. Ita ke hango abin da ido ba ya hangowa, ita ke auna nisan maƙiyi, ita ke faɗin inda za a juya bakin bindiga. An haɗa na'urorin da juna ta iska da wani abu da ake kira Igiya, abin da ɗaya ta sani nan take sauran sun san shi. Matuƙa kuwa suka sa musu suna su Gwaggo, domin ba a yin komai a jirgi ba su sa baki ba. Majalisar birni ta kafa doka a kansu: idan bakin su Gwaggo ya zo ɗaya, wannan umarni ne, shugaban da ya saɓa kuma zai ajiye sarautarsa.

Jirgin da ake jira sunansa Shamuwa, Kyaftin Delu ke jan sa. An aike ta wani tsibiri ta kwaso mutanen da 'yan fashin ruwa suka tsare. Tun da aka yi tsawar nan ta safe ba a ƙara jin muryarta ba, na'urar jirginta ma ta faɗi daga Igiya. Wannan shirun ya sa kowa ya kasa cin abinci, saboda abin da ya faru bara. A bara 'yan fashi sun ƙwace wani jirgi mai suna Gauraka, suka cika shi da nakiya, suka sako shi gida. Aka tarbe shi da murna, ya fashe a tsakiyar masu tarbar. Cikin waɗanda suka mutu a ranar har da ƙanen Nomau, mataimakin Sarkin Ruwa.

Da rana ta karkata, sai Gwaggon Mikiya ta yi magana da muryarta da ba ta hawa ba ta sauka.

"Shamuwa na tafe. An ƙwace ta, an ɗura mata nakiya. A nutsar da ita kafin ta kai dutsen mashiga."

Arzika ya ɗago kai. "Ke kaɗai kika faɗa, Gwaggo, ko da 'yan'uwanki?"

"Mu takwas ne, bakinmu ɗaya. Babu shakka."

Aka juya lasifikoki wajen da Shamuwa take, aka yi ta kira ta tsaya. Ba ta tsaya ba, ba ta amsa ba. A allon na'ura ana ganin inuwarta tana ƙara girma.

Nomau ya matso. "Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka. An ce ta tsaya ta ƙi. Bayanmu tasha ce cike da jiragen hatsi, bayan tasha kuma gidajen mutane ne. Ni na tsinci abin da ya rage na ƙanena a cikin taru. Kada ka sa in sake ganin irin wannan rana. In Delu tana raye da ta yi magana, ka san bakinta."

"Na san bakinta," in ji Arzika. "Idan kuma tana raye, da mutanen tsibiri a cikin jirginta?"

"To na'ura takwas za su yi ƙarya ne gaba ɗaya?"

Arzika ya ɗauke ido daga allon. Sannan ya ce, "Nomau, mahaifina yana cikin dattawan da ake kawo wa shaidar ganin wata. Ina yaro nakan zauna bayansa. Kafin a yi isha gari duka ya ɗauka, an ga wata, an ga wata. Mai shayi ya rantse, mai nama ya rantse. Tsoho ba ya kula yawansu. Sai ya raba su, ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, kai ka gani ko an gaya maka? Ina ƙahonsa ya fuskanta? Wata shekara mutum ɗari suka zo, da aka tace su sai aka tarar mutum ɗaya ne ya ga gefen gajimare. Waɗannan su Gwaggo tun safe suke raɗa a kunnen juna. Ban san ko shaidu takwas gare ni ba, ko ɗaya. Ku yanke Igiya."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, in aka yanke ta kowane jirgi ya zama maraya. Ƙananan jiragen 'yan fashi suna laɓe a cikin ciyawar ruwa, abin da suke jira ke nan. Ga doka kuma."

"Na san da su, na san da doka. Ku yanke."

Aka yanke. Fitilun da ke nuna haɗin jirage suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Arzika ya ɗauki oba-oba, tsohuwar rediyon hannu da aka ajiye don ranar wahala, ya fara da na'urar jirginsa.

"Gwaggo, nakiyar nan da kika ce, ke kika gan ta?"

"Ban gan ta ba. Daga Shirwa na samu."

Ya kira jirgin Shirwa, aka kai rediyo bakin na'urarsu. Ta ce ita daga Zalɓe ta ji. Ta Zalɓe ta ce Carki ce ta tabbatar mata. Kowace ya tambaya sai ta miƙa shi ga wata, Shamuwa kuwa tana ta matsowa. Yana cikin magana da jirgin Carki, wanda yake can ƙarshen layi ta yamma, sai aka ji ƙarar bindigogi ta cikin rediyon, da ihun mutane, da wani yana cewa, "Sun fito! Sun fito daga ciyawa!" Ba jirgin da ya iya taimaka musu da harbi, domin ba Igiya, ba wanda ya san inda zai auna ba tare da ya sami ɗan'uwansa ba.

Nomau ya riƙe hannun Arzika. "Ka mayar da Igiya, don girman Allah! Ana kashe mana mutane!"

Arzika bai janye hannunsa ba, bai kuma ajiye rediyon ba. Ya aika jirgin da ke kusa da Carki ya kai musu ɗauki da ido, ya ci gaba da tambaya, har ya zo kan ta ƙarshe, na'urar jirgin Dinya, wanda shi ne mafi kusa da hanyar Shamuwa.

"Ke fa, me kika gani da kanki?"

"Na ga Shamuwa ta nutse a ruwa fiye da yadda ta tafi. Akwai nauyi mai yawa a cikinta. Na tuna Gauraka, sai na ce wataƙila nakiya ce, na miƙa wa ta jirgin Belbela."

"Wataƙila kika ce. To ina wataƙilar ta tafi?"

"Da maganar ta zagayo ta dawo gare ni, na tarar bakwai sun yarda da ita. Ganin bakwai sun yarda, sai na janye wataƙilar."

Arzika ya sauke rediyon a hankali. Nomau ya share fuska ya ce, "Na ji, shaida ɗaya ce. Amma abin da ta gani gaskiya ne, ranka ya daɗe. Nauyi yana nan. Mutane nauyi ne, nakiya ma nauyi ce. Ga dutsen mashiga can, ta kusa. Da me za ka raba su?"

Arzika ya dubi sama, ba rana. Ya waiwaya ya hango Ladan Jibo, mai kiran sallah na jirgin, tsaye a bakin ƙofa da butarsa.

"Malam Jibo, la'asar ta yi?"

"Ta yi tun ɗazu, Sarki. Ganin fuskarka ne ya sa na haɗiye kiran."

"To fito da shi. Zo nan gaban lasifika. Yau ina son muryar nan taka da ke hana matuƙa barcin rana, kada ka rage komai."

Ya sa aka bar lasifikokin a juye wajen Shamuwa. Ya ce wa na'urar Dinya ta zuba ido a kan jirgin, kada ta faɗi komai sai abin da ta gani ita kaɗai. Sannan ya juya ga Nomau. "A auna bindigogi. In aka gama kira ba abin da ya sauya, ni da bakina zan ba da umarnin harbi, alhakin kuma a wuyana."

Ladan Jibo ya sa yatsa a kunne ya ɗaga murya. Kiran ya bi kan ruwa ya shige cikin yayyafi. Masu bindiga suka ɗora hannu a kan makunni, ba mai kallon ɗan'uwansa. Har ladan ya kai ƙarshe ya yi shiru, ba a ji komai ba sai ɗigar ruwa a kan ƙarfe.

"Gwaggo?" in ji Arzika.

"Ban ga komai ba."

Nomau ya ɗaga hannu sama, yana jiran kalma ɗaya. Arzika ya buɗe baki zai ba da umarni.

"Dakata," in ji na'urar Dinya. "Ta karkata dama. Ta ƙara karkata. Nauyin yana tafiya gefe guda, ba a tare ba, kaɗan-kaɗan."

Arzika ya zauna a kan akwatin harsashi. "Sauke hannunka, Nomau. Mutane ne suka ji kira, suka yi gefen jirgi da guga za su ɗebi ruwan alwala. Nakiya inda aka ajiye ta nan take zama. Ku mayar da Igiya, ku kori waɗancan daga kan Carki."

Ba a daɗe ba na'urar Dinya ta ce nauyin ya dawo tsakiya, ya jeru layi-layi yana fuskantar gabas. Da Igiya ta dawo, bindigogin jirage takwas suka juya tare, 'yan fashi suka koma cikin ciyawa.

Shamuwa ta wuce dutsen mashiga da dogon ƙarfen rediyonta a ƙone, cike da mata da tsofaffi da awaki har kan rufi. Kyaftin Delu tana tsaye a gaba, tun daga nesa ake jin ta.

"Wane mai hankalin ne ya sa aka yi min kiran sallah a kunne? Saura ƙiris mutanen nan su kifar min da jirgi! Ina ce musu a je bi da bi, wa ya saurare ni?"

"An ce ki tsaya, Kyaftin," in ji Nomau. "Me ya hana ki?"

"In tsaya? Tsawa ta ƙone min rediyo da lasifika da Gwaggo, dutse ya huda min ciki. Injina ne ke jan famfon da ke fitar da ruwa. In na kashe shi mu nutse a gabanku kuna kallo?" Sai ta lura da bakunan bindigogin da har yanzu wasu ke kallon ta. Ta yi shiru. Ba a taɓa ganin Delu ta yi shiru ba sai ran nan.

Majalisar birni ta kira Arzika. Bai yi musu ba, bai roƙi kowa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Doka ta ce in bakinsu ya zo ɗaya. Ni kuwa da na bincika, baki ɗaya na tarar tun asali, yana magana ta wuri takwas. Mutanen Carki kuma ni na buɗe musu ƙofar mutuwa, na sani lokacin da nake buɗewa. Ku yi abin da doka ta ce." Suka karɓi sarautar suka ba Nomau. Aikin farko da Nomau ya yi shi ne ya sa aka gyara su Gwaggo, yadda kowace in za ta yi magana sai ta fara da ɗayan biyu: na gani, ko an gaya mini.

Masu hankali suka ɗauki darasi daga wannan, suka ce kafin ka ƙirga bakunan da suka faɗa, ka ƙirga idanun da suka gani, ka kuma sani cewa tsayawa bincike yana da farashi, kuma sau da yawa ba mai binciken ne kaɗai ke biya ba.

Mutum ɗari huɗu da 'yan kai suka sauka daga Shamuwa da ƙafafunsu. Abin da aka rasa a ranar kuwa shi ne: matuƙa goma sha ɗaya na jirgin Carki, da bayan jirgin da ya ƙone, da na'urar Shamuwa, da sarautar Arzika.