Tunau Mai Zago da Cinawuya Biyu

A zamanin da, shekarar da kogin Sarkawa ya ƙafe har yara suka yi wasa a tsakiyarsa, an yi wani masunci, Tunau Mai Zago, gwanin jifa da zago, mashin masunta, wanda ake yi wa kirari da kada ya ganka ya nutse. Shi ya kwashi danginsa da matarsa Yalwa, mai tsohon ciki, suka tafi neman wani kogi.

Kakanninsa sun ce inda cinawuya yake, nan ruwa yake, domin tsuntsu ne mai cin kifi. Da goruna suka bushe, sai ga cinawuya mai shuɗin baya da jan baki. Tunau ya ce a bi shi. Suka bi shi cikin ƙaya har ƙafafu suka fashe. Tsuntsun ya sauka kan suri, ya cafko ƙadangare, ya buga a reshe, ya haɗiye. Ɗan ruwa bai taɓa sanin akwai cinawuyan tudu ba, wanda fara da ƙadangare suka ishe shi. Ina zai sani, shi da ya tashi cikin kwalekwale?

A nan Yalwa ta zauna gindin tsamiya, ta ce ba ta iya ƙara taku.

"Je ka, maigida. Ka ga ba inda za ni."

Ya tafi shi kaɗai. Can da yamma ya hango wani cinawuyan, mai dabbare-dabbaren fari da baƙi, ya tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike, sannan ya faɗo ƙasa. Tunau ya nufi wurin, ya tarar da kogi. Bai sha ba. Ya cika gora ya juyo da gudu.

Ya iske Yalwa ta rasu, dangi sun riga sun rufe ta. Bai yi kuka ba, bai tambayi kowa komai ba. Ya tsaya riƙe da gorar, daga bisani ya tuttule ruwan kan kabarin.

Bakin kogin nan aka kafa Tungar Tunau. Sauran rayuwarsa ya ƙare ta yana zaunar da yara, yana rarrabe musu tsuntsayen: mai dabbare-dabbare da wani ƙarami mai tukku na ruwa ne, suna haƙa rami a gaɓa, mai jan bakin nan da ke kuka a itatuwa na tudu ne. Ba a ƙara jin dariyarsa ba.

Har yau mutanen Tunga kan kai gorar ruwa gindin tsamiyar in bazara ta yi tsanani. Duk ƙishin da mai ɗauke da ita yake ji, ba ya kurɓa a hanya.