Kunnen Barmo Mai Nutso

An ruwaito, a wani littafi da gara ta ci gefensa, cewa wani mutum Barmo ya faɗi gaban Sarki Yakuba na birnin bakin teku, yana kwarara murya kamar kurma: "Allah ya ja zamaninka, duk duniya babu wanda ya san gindin teku kamata!"

Dalilin zuwansa kuwa, attajiri Sambo ne jirginsa ya nitse da ɗansa tilo a ciki, ya yi alkawarin gidansa ga duk wanda ya isa wurin ya kawo masa labari. Masu nutso na garin duk sun kasa. Dukkansu kuwa kurame ne, domin nauyin ruwa kan fasa musu dodon kunne tun suna samari.

Sambo na zaune a gefe, Sarki ya ɗaga murya ya ce, "Me ka gani?"

Barmo ya ce, "Ranka ya daɗe, na rungumi dutse na yi ƙasa, har hasken rana ya koma shuɗi, shuɗin ya koma baƙi. Can na tarar da jirgin kwance a gefensa kamar raƙumin da ya gaji. Ciyawa ta yi wa igiyoyinsa gemu. Kifaye masu fitila a goshi suna shiga tagoginsa suna fita, ba ƙara, ba motsin iska. Kai kuma Sambo, ɗanka yana kwance cikin yashi fari, fuskarsa na duban gabas."

Sambo ya sunkuya yana kuka, ya ciro mabuɗin gidansa.

Sai Waziri ya matsa kusa da kunnen Sarki, ya yi raɗa can ƙasa-ƙasa: "Tunda ya san hanya, gobe a ɗaura masa dutse a ƙafa, ya koma ya ɗauko gawar."

Barmo ya zabura: "Wayyo Waziri, ko a rafi ban iya iyo ba!"

Sarki ya cire alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, domin wanda ya kare mai baƙin ciki daga mayaudari ya cancanci fin haka. Sambo ya mayar da mabuɗinsa aljihu.

Waziri ya dubi Barmo ya ce, "Shuɗin nan da kifayen, hirar masu nutso ce ka tsinta a bakin gaɓa. Ai da kunne irin naka, malam, babu abin da zai wuce ka."