Nagoma da Furen Zuma

An ruwaito a cikin littattafan mutanen farko cewa a birnin Sandal an yi wani Sarki mai suna Hamdanu, wanda ba abin da yake so kamar ƙamshi. Wata rana wani falke ya kawo masa reshe biyu na wata itaciya mai yaɗo, wadda ake tsotsar zaƙi a gindin furenta, ya ce furen zuma ake kiranta. Sarki ya ba Waziri ɗaya, ya ba tsohon Sarkin Lambunsa, Nagoma, ɗaya. Waziri kuwa ya daɗe yana kwaɗayin lambun da Nagoma ya gada wajen ubansa, sai ya roƙi Sarki, aka yi sharaɗi: baɗi war haka, wanda tasa ta fi kyau shi ke da lambun.

Waziri ya sa bayi suna yi wa tasa ban-ruwa safe da yamma, ta yi yabanya, ta haye soro. Nagoma kuwa sai ranar Juma'a yake ba tasa ruwa, amma ya ba ta har ƙasa ta ƙoshi, ya rufe gindin da ɓawon gyaɗa. Ta tsaya 'yar tsurut, fadawa suna ta yi masa ba'a wai rowarsa ta kai har ga tsiro. Abin yana ci masa rai, amma ya ci gaba da aikinsa.

Ana nan sai damina ta ƙi zuwa, Sarki ya hana ban-ruwa don jama'a su sami na sha. Cikin kwana goma ta Waziri ta bushe ƙayau. Ta Nagoma ko gezau, har ta rufe rumfa da fure fari da rawaya, ƙudan zuma suna ta biki.

Sarki ya tsaya a inuwarta ya shaƙi ƙamshi, ya ce, "Tsoho, wane asiri ne wannan?"

Nagoma ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, an ce wata mata ta haifi tagwaye. Ɗayan ta riƙa goya shi har ya shekara bakwai, ɗayan tana aikensa rafi. Da yaƙi ya kore su daga gari, goyayyen ya zauna a hanya yana kuka, ɗan aiken ne ya kai su tudun tsira. Haka saiwa take, ranka ya daɗe. Wadda ake kai wa ruwa kullum a saman ƙasa take kwanciya. Tawa na bar ta ta nitsa ta nemo da kanta."

Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya tabbatar wa Nagoma da lambun, shi da jikokinsa, ya yafa masa alkyabba. Tsoho ya faɗi ya yi godiya, yana hawayen murna.

Da la'asar sai ga Waziri ya zo yana sunkuyar da kai, yana roƙon reshe. Nagoma ya yanko masa mai kyau, ya ce, "Ga shi, ranka ya daɗe. Ka so ta, amma ka bar ta ta ɗan ji ƙishi."

Masu hikaya suka ce daga ranar iyayen Sandal suka rage shagwaɓa 'ya'yansu. Allah ne mafi sani.