Shekarar da Aka Nutsar da Jiragen Gubi

Akwai wani masunci mai suna Sabitu, mazaunin wata 'yar unguwar masunta da ke gefen madatsar ruwa ta Gubi, a bayan garin Bauchi. Mutum ne ƙaƙƙarfa, gwanin jefa birgi, wato ragar kamun kifi, kuma jirginsa na katako ya fi na kowa girma a bakin ruwan. Abu guda ne ya rage masa ƙima a idon dattawa, wato bai yarda akwai mahaluƙin da ya isa ya gaya masa abin da zai yi a kan ruwa ba.

Kafin in ci gaba, ya wajaba in sanar da matasan wannan shafi, waɗanda suka buɗe ido suka tarar da kifin ƙanƙara a cikin kwali, cewa ba haka Bauchi take ba a da. Mu da Allah Ya nuna mana wancan zamani muna tuna lokacin da tarwaɗa ke isowa kasuwar Wunti tana motsi a cikin daro. Ma'aikaci ya taso daga ofis, ya rataya kifin karfasa a ƙahon kekensa, yara na binsa suna kallo har Ƙofar Dumi. Da yamma kuwa, ƙanshin banda shi ke yi wa baƙo jagora zuwa unguwar masunta.

Wannan yalwa ba haka kawai ta samu ba. Iyayen masuntan sun zo da wata al'ada daga kogunan da suka baro. Idan damina ta kankama, kifi ya ɗauki ƙwai ya nufi ciyawar bakin rafi domin ya zuba, sai kowa ya tura jirginsa inda ruwa ya kai ƙirji, ya loda masa duwatsu har ya nutse. Katakon ba ya bushewa ya tsage. Bugu da ƙari, mutum ɗaya ba ya iya fito da jirgin da aka nutsar, sai da hannun maƙwabta, saboda haka babu mai iya satar hanya ya je su, wato kamun kifi, a ɓoye.

Da dattawan suka kau, al'adar ta bi su. Aka riƙa su rani da damina, har da gidan sauro ake tace 'ya'yan kifi. Kifin ya yi ta ƙanƙancewa, har ya zamana magidanci ya yini a kan ruwa ya komo da abin da bai cika kwanon miya ba.

A wata damina ta baya-bayan nan, masuntan suka taru a ƙarƙashin jagorancin shugabansu, Irmiya, abokin ƙuruciyar Sabitu, mutum mai sanyin magana. Ana cikin muhawara sai ga Goggo A'i, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a sana'ar banda. Ta dire wani kwano a tsakiyar maza, cike da ƙwan kifi.

Ta ce, "Wannan na yau ne kaɗai, daga cikin kifin da kuka kawo mini na ciro shi. Ku dube shi da kyau. Kifin baɗi ne kuke ba ni ina zubar wa kaji."

Irmiya ya numfasa ya ce, "Jama'a, ni dai shawarata mu koma ga abin da iyayenmu suka yi. Mu nutsar da jirage har ruwa ya ja baya. Kowa ya riƙe gonarsa, Allah ba zai bar mu da yunwa ba."

Sabitu ya fashe da dariya. "Goggo, in tausayin ƙwan kike ji, ki kai shi ɗaki ki kwanta a kai ki ƙyanƙyashe. Kai kuma Irmiya, shugabanci muka ba ka, ba mu ba ka ruwan ba. Jirgina ba zai ga dutse ba."

Irmiya ya ce, "Sabitu, ba umarni nake ba ka ba, roƙonka nake yi."

"To, na ji roƙon. Allah Ya ba da haƙuri."

Duk da haka, mafi rinjaye suka amince. Washegari aka nutsar da jirage ɗaya bayan ɗaya, mata na tsaye a gaɓa suna kallon abin da rabonsu da shi tun suna 'yan mata. Jirgin Sabitu ne kaɗai ya rage a saman ruwa.

Haka ya riƙa fita kullum da safe zuwa bakin rafi, inda kifi ya taru a ciyawa. Da yake babu mai gasa da shi, kwandunansa suka riƙa cika. Idan ya dawo, ba ya bin hanyar bayan gida. Sai ya ratsa ta tsakiyar unguwa, yana gaishe da kowa da babbar murya, yana tambayar lafiyar gero.

Wannan ya fara cin zukatan mutane. Wani magidanci mai yawan iyali, Usama, ya sami Irmiya a gona ya ce, "Shugaba, mu muka bar kifin, shi yana kwashewa. 'Ya'yana miyar kuka tsura suke sha, suna jin ƙanshin suya daga gidansa. Ka ba mu hannu mu fito da jiragenmu, tunda abin ya zama wauta."

Irmiya ya san akwai gaskiya a maganar. Ya ce, "Mutum ɗaya ba zai iya kwashe abin da mu duka za mu kwashe ba. Ka ƙara haƙuri, Usama. Hannuna dai ba zai taɓa dutsen nan ba." Usama ya tafi ba tare da sallama ba.

Ba a jima ba, aka yi wani ruwa mai ƙarfi a kan duwatsu. Da gari ya waye, rafin ya sauko jajawur yana ɗauke da kututture da rassa. Sabitu ya san a irin wannan rana kifi ya fi haurowa, saboda haka ya fita. Ya loda jirginsa har bakinsa na shafar ruwa. Yana juyowa, wani kututture ya daki gefen jirgin, ya kife. Allah Ya taimake shi ya cafki reshen wata matacciyar bishiya da ke tsaye a cikin ruwa, ya maƙale a nan, igiyar ruwa na fizgar ƙafafunsa.

Matan da ke wanki suka hango shi, suka yi kururuwa. Maza suka sheƙo daga gonaki. A nan ne kowa ya tuna cewa babu jirgi ko ɗaya a saman ruwa, kuma babu gwanin da zai iya ratsa wannan igiya da iyo.

Usama ya ce, "Ai shi ya ce shi kaɗai ya isa."

Irmiya, yana tuɓe riga, ya ce, "Ka adana wannan maganar, in ya fito ka gaya masa ido da ido. Yanzu dai shigo ruwa."

Suka shiga gaba ɗaya, suka nufi jirgin Irmiya. Wasu na nutso suna ciro duwatsu, wasu na karɓa suna jefarwa. Da ya yi sauƙi suka haɗa ƙarfi suka ɗago shi, mata suka kwashe ruwan da daro da ƙwarya, Goggo A'i na yi musu tsawa su yi sauri. Irmiya da Usama suka tuƙa. Sai da rana ta take kafin suka ɓamɓare yatsun Sabitu daga reshen, domin sun sandare.

Aka kwantar da shi a gaɓa, yana karkarwa. Tun kafin ya gama amayar da ruwa, wasu suka fara magana. A al'adar iyaye, in ji su, da zarar an fito da jirgi ɗaya, ruwa ya buɗe ke nan, kowa na iya komawa kamun kifi. Haka kuwa abin yake. Mutane suka fara duban inda jiragensu suke kwance.

Sai Sabitu ya yunƙura ya tashi. Bai dubi kowa ba. Ya sunkuya ya ɗauki wani dutse da ƙyar, ya taka yana tangaɗi, ya sa shi a cikin jirgin Irmiya. Ya ce, "Wannan jirgi domin ni aka fito da shi, ba domin kifi ba. Ni zan mayar da shi inda yake. Wanda zai taya ni, bismillah."

Irmiya ya ce, "To naka fa, Malam Sabitu?" Bai jira amsa ba ya ƙara da cewa, "Af, na manta. Naka ya fi ka biyayya, shi ya nutse da kansa."

Aka yi dariya, har da Sabitun. Usama ya ɗan tsaya, sa'an nan ya ɗauki dutse na biyu.

Ruwan bai buɗe ba sai da damina ta ja baya. Ba zan yaudare ku in ce zamanin da ya dawo ba, domin abin da aka daɗe ana ɓatawa ba ya gyaruwa a shekara guda. Amma a kakar nan, wanda ya leƙa ciyawar bakin rafi ya ga 'ya'yan karfasa sun yi baƙi ƙirin, sun rufe ƙasan ruwan.

Darasi: Wanda ya fice daga yarjejeniyar jama'a domin ribar yau, ya sani ranar da ruwa ya juya masa, hannun jama'ar nan zai nema. Kuma abin da Allah Ya ba mu amana, wajibi ne mu bar shi ya hayayyafa domin na baya. Ina kira ga ma'abota wannan shafi masu daraja da su isar da wannan labari ga 'ya'yansu da abokan sana'arsu.